Sawun Allura a Bargon Karantina

Da hantsin Talata Dalal ta shimfiɗa bargon a tsakar falo don ta yi masa gugar ƙarshe, sai ta ga an ɗauke ƙyallen mahaifinta. A tsakiya, inda jan karammiski mai zaren zinariya yake, babu abin da ya rage sai farin yadin da aka ɗora komai a kansa, faɗin tafin hannu biyu. Ta ƙwalla ƙara, kafin azahar kuwa labari ya kai har Makka ta waya.

Wanda bai san bargon ba zai ce hayaniyar ta fi kayan. Asalinsa wani tsohon bargon Turawa ne da Dalal ta tsinta a kasuwar gwanjo, an ɗinka shekarar 1887 a kusurwarsa. Ba ƙyalle biyu masu fasali ɗaya a jikinsa. Wannan mai kusurwa uku ne, wancan kamar kunnen akuya, an haɗa siliki da karammiski yadda suka zo, sannan aka bi kowace mahaɗa da surfani har ba a ganin ɗinkin. Akwai mafici, akwai yanar gizo da gizon a ciki, akwai sunayen mutanen da ƙasa ta daɗe da rufe musu ido. Dalal ta ce Turawa mahaukaci suke kiran irinsa, matan da ta nuna wa suka yi dariya suka ce sunan ya dace. Amma da aka rushe Karantina, tsohuwar unguwarsu a Jidda, maƙwabtan shekara hamsin suka warwatsu, sai dariyar ta koma shawara. Kowane gida ya kawo ƙyalle daga suturar mamacinsa, aka ɗinka sunansa a kai. Mata goma sha huɗu suka shekara biyu suna haɗuwa duk Litinin a gidan Hajiya Hikima, kakar Dalal, can gefen unguwar Ammariyya. Ranar Alhamis za a kai bargon wani gidan ajiye kayan tarihi a Balad, tsohon cikin garin Jidda, kuma can zai zauna.

Inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima. Tun ba a gama salati ba idanu suka koma kan Fatu, mutuniyar Cadi da ta shekara goma sha ɗaya tana aiki a gidan. Ita ke riƙe da makullin falo, ita ke shara. Marigayi Khalil, mai ƙyallen da aka ɗauke, shi ne kafilinta, wato mai tsaya mata a wurin hukuma, kuma tun da ya rasu a shekarar korona iƙamarta, takardar zamanta a ƙasar, ta mutu ba a sabunta ba. Thamer, yayan Dalal, ya shiga ɗakinta ba sallama ya fito da guntayen zaren zinariya a cikin gwangwanin shayi.

"Halas," ya ce, Hausar tana masa nauyi a baki. "Gobe bayan la'asar, in ƙyallen Baba bai fito ba, ina kiran shurɗa."

Kowa ya san ma'anar hakan. 'Yan sanda takarda za su fara tambaya kafin ƙyalle, daga nan sai tarhil, gidan tsare baƙi, sai jirgi. Dalal, wadda Fatu ta yi jinyarta lokacin haihuwa, ta kulle kanta a bayi ta kira Bara'atu.

* * *

Bara'atu 'yar mai bin sawu ce. Mahaifinta Na'ibi ya yi suna a Damargu, inda ake cewa in raƙumi ya ɓata ya duba yashi, zai gaya maka ko ɓarawon gurgu ne, ko ya karya kumallo. Bai haifi namiji ba, sai ya riƙa jan ta daji. Da aure ya kawo ta Jidda shekara talatin da suka wuce, ta tarar ƙasar duk kwalta ce da siminti, ƙafa ba ta barin komai. Sai ta kama ɗinki, a nan ta gane allura ma tafiya take yi, kuma kowane hannu da irin takunsa. Mutane kan kira ta in abu ya ɓata. Ba ta da fara'a sosai, ba ta kuma son a yi mata bayani kafin ta duba.

Ta durƙusa kan bargon da ƙyar, gwiwa tana ƙara, ta ce a kashe fanka a buɗe labule. Hannuwan nan goma sha huɗu duk ta san su. Ga ɗinkin ƙafar kaza na Sharifa, manya-manya kamar mai shi. Ga ƙayar kifin Hind, ga sarƙar Dalal mai tsauri irin ta wanda ya koya a waya. Ta bi su da ɗan yatsa har bakin gurbin, ta tsaya.

Ba a sa almakashi ba. An warware ɗinkin ne zare ɗaya bayan ɗaya, aikin da ba zai gaza awa biyu ba. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne ƙyallaye biyar da ke kewaye da gurbin. Da aka zare na tsakiya bakinsu ya saki, sai wanda ya ɗauka ya zauna ya kalmashe kowanne da farin zare don kada ya tsefe. Ɗinkin ƙanana ne kamar ƙwayar gero, kuma yana da wata ɗabi'a: taku bakwai gaba, ɗaya baya, bakwai gaba, ɗaya baya.

"Khala, kin ga wani abu?" Dalal ta tambaya, tana kiranta inna da Larabci.

"Na ga ɓarawon da ya fasa gida ya tsaya yi wa maƙwabta yaɓe," in ji Bara'atu. "Kuma wannan sawun ba na garkenku ba ne."

* * *

Ta sami Fatu a madafa tana wanke shinkafar da ta riga ta wanku. Doguwa ce, ta kusa hamsin, idonta ya yi ja amma ba hawaye.

"Zaren da aka gani a ɗakinki fa?"

"Na shara ne, Yaya. Duk Litinin sai sun zubar, ni kuma ba na iya zuba shi a bola."

"Ke kika ɗauka?"

"Ban ɗauka ba."

"Wa ya ɗauka?"

Fatu ta ci gaba da cuɗa shinkafa. Bara'atu ta tsinke maɓallin rigarta da gangan ta miƙa mata da allura. Fatu ta ɗinka shi da irin takun da ake ɗinke buhun gawayi, har Bara'atu ta kusa yin dariya. Wannan hannun bai taɓa kalmasa siliki ba. Sai dai wani abu ya tsaya mata a rai. Wanda aka yi wa ƙage yakan rantse, ya zargi wani, ya kira Allah da Annabi shaida. Fatu ba ta zargi kowa ba, ba ta ma tambayi wa ake tsammani ba, kamar wadda ba ta da buƙatar tambaya.

* * *

Bayan la'asar ta hau motar haya zuwa unguwar Hindawiyya wurin Sharifa, domin mata uku sun raɗa mata cewa a can za ta nema. Sharifa ta yi rigima a fili da aka sa ƙyallen mijinta a gefe aka sa na Khalil a tsakiya, kuma ranar Litinin ita ce ta ƙarshen fita daga falon.

"To, sun turo ki ke nan," Sharifa ta ce tana tura mata dabino. "Wallahi na yi faɗa, kuma gobe ma in aka taɓo maganar zan yi. Idris ya yi limancin Karantina shekara ashirin, a sa shi a gefe inda ƙafa ke kaiwa? Amma ni in zan ɗauke abu, gaban kowa zan ɗauke, kin san ni."

Bara'atu ta san ta. Ta ɗauki mayafin da Sharifa ke kalmasawa ta duba, ta ga takun yana tafe gaba gaɗi ba waiwaye, kamar yadda mai shi ke magana. Ta ajiye.

"Ni abin da ke ba ni mamaki uwar Khalil ce," Sharifa ta ci gaba, don ba ta iya barin shiru ya zauna. "Shekara biyu muna ɗinki a falonta, ko zare ba ta taɓa sa mana a allura ba. Ranar da Dalal ta yanko falmaran ɗin ubanta, tashi ta yi ta shige ɗaki. Da ya rasu ma haka, ba wanda ya ga hawayenta. Na san ɗan fari ne, ana kunya, amma yanzu wa ke wannan? A Jidda?"

A hanyar komawa Bara'atu ta yi ta juya maganar. Ita ma 'yar fari ce, kuma har uwarta ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa haɗa ido da ita a gaban mutane ba. "Ke" take cewa, ko "waccan". Tana yarinya abin ya yi mata ciwo ƙwarai, sai da ta girma ta gane wa ke ajiye mata ƙanzo a ƙarƙashin ƙwarya.

* * *

Da safiyar Laraba ta koma Ammariyya ta ce wa Dalal ta kawo mata ragowar falmaran ɗin da aka yanki ƙyallen a jikinsa. Dalal ta ɗauko shi daga akwati, har yanzu yana ƙamshin turaren mai shi. Bara'atu ba ta kalli karammiskin ba, ta juya shi ta ciki ta bi shafinsa. A hammata akwai gyara, a bakin aljihu akwai gyara, a wuya akwai guda uku, wani kan wani, na shekaru daban-daban. Duk farin zare ne, duk bakwai gaba, ɗaya baya.

"Wa ke yi wa babanki gyaran kaya?"

"Ba kowa. Mama ba ta ɗinki." Dalal ta yi ɗan murmushi. "Yakan ce kayansa da kansu suke warkewa. Duk Juma'a in ya sauko masallaci nan yake cin abinci, ya rataye falmaran a bayan ƙofa ya yi ƙailula. Sitti, kakata, ko fitowa ba ta yi in yana nan, ta labule suke gaisawa."

Ta faɗi haka, sannan ta ji abin da ta faɗa. Murmushin ya gushe.

Bara'atu ta sake duban ɗinkin. Mahaifinta yakan ce bin sawu daɗi gare shi har sai ya kai ka ƙofar wanda kake gaisarwa da durƙuso. Ta naɗe falmaran ɗin ta nufi ɗakin ƙarshe.

Hajiya Hikima tana kan darduma, ƙaramar tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, wadda ta shigo ƙasar nan a ƙafa ta hanyar Sudan tana yarinya. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Bara'atu ta ajiye falmaran ɗin a gabanta, shafin yana sama.

"Inna, hannun da ya yi wannan ya iya ɗinki."

Tsohuwar ba ta kalla ba. "Idona ya daina ganin kafar allura, 'yar nan."

"Wanda ya saba, da yatsa yake gani. Inna, la'asar ta kusa, kuma matar nan ba ta da kowa a nan sai ku."

Carbi ya ci gaba da tafiya. Bara'atu ta jira har ta gaji, ta tashi. A bakin ƙofa ta yanke shawarar da ba ta so: za ta ba tsohuwar hanya ta fita da kanta, in ta ƙi, za ta kira sunanta a gaban jikokinta, ko da za a daina amsa mata sallama a Jidda.

* * *

Ana idar da la'asar falo ya cika. Matan ɗinki tara suka samu zuwa, Sharifa a gaba. Thamer ya tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu. Fatu ta zauna a ƙasa kusa da madafa, ta riga ta ɗaure kayanta a jaka ɗaya. Aka kamo Hajiya Hikima aka zaunar da ita a kujerarta.

Bara'atu ba ta iya dogon jawabi ba. Ta ɗaga bargon ta nuna gurbin.

"Mai son zinariya da almakashi yake zuwa, minti ɗaya ya gama. Wannan ya zauna awa biyu. Mai jin haushi ba ya tausayin ƙyallen maƙwabta, wannan ya kalmashe biyar. Ba hannun Fatu ba ne, ba na Sharifa ba ne, ba na ko ɗaya cikin masu ɗinkin ba ne." Ta juya falmaran ɗin ta ajiye kusa da gurbin. "Hannun da ya shekara da shekaru yana yi wa marigayi gyaran kaya ne, bai sani ba."

Matan suka sunkuya suna gwada ɗinki da ɗinki. Sharifa ce ta fara ganewa, kuma karo na farko a rayuwarta ta rufe baki.

"Yani wa?" in ji Thamer. "Khala, ni ban gane zagaye-zagayen nan ba. Ku faɗi suna, ko in kira."

Bara'atu ta ƙirga numfashinta har goma, ta buɗe baki.

"Yana wurina."

Muryar ƙarama ce, amma kowa ya ji. Hajiya Hikima ta sa hannu cikin rigarta ta zaro jan karammiskin, an naɗe shi gida huɗu, sunan yana ciki. Ba ta miƙa wa kowa ba, ta riƙe shi a cinya da hannu biyu.

"Sitti?" Thamer ya sauke wayar. "Ke? Ke da ba ki taɓa kiran sunansa ba? Ya mutu ba ki yi kuka ba, ko hotonsa ba ki yarda a rataye ba, wallahi ni na ɗauka ba kya son sa!"

"Rufe mana baki, ya walad," Sharifa ta daka masa tsawa, hawaye na zubo mata. "Na fari ne."

Tsohuwar ta yi magana tana kallon ƙasa. "Da ya tafi, daga asibiti suka wuce da shi, ban gan shi ba. Aka raba kayansa, kowa ya ɗauka. Ni da wane baki zan ce a ba ni? Ina ganin wannan duk Litinin daga nesa, ya ishe ni. Sai aka ce ranar Alhamis za a kai shi inda sai da mota." Ta shafa karammiskin. "Na ce in ɗan riƙe shi kwana ɗaya in mayar. Da gari ya waye hannuna ya ƙi."

Dalal ta durƙusa ta kifa kai a gwiwar kakarta tana kuka. Ta ce a bar mata shi, gurbin ya tafi Balad yadda yake. Bara'atu ta ji tausayin tsohuwar har cikin ƙashi, amma ba don ita aka kira ta ba.

"Inna, saura magana ɗaya," ta ce.

Hajiya Hikima ta ɗago, ta nemi Fatu da ido. "Fatu, na ji ana cin mutuncinki jiya, ina ɗaki, na yi shiru. Kunya ta sa na zalunce ki. Ki yafe mini don Allah."

Fatu ta ɗago ta kalle ta.

"Tun jiya da safe na gan shi, Hajiya, ina gyara miki shimfiɗa. Yana cikin rigar matashi."

Dalal ta ɗago kai daga gwiwar kakarta.

"Kika yi shiru?" in ji Dalal. "Za a kai ki tarhil kika yi shiru?"

"Ba waliyyiya ba ce ni. Da ya danna wayar nan, da na faɗa. Jira nake in ga ko shekara goma sha ɗaya za su sa a buɗe baki saboda ni." Ta goge fuska da gefen mayafi. "An buɗe, ko da a makare. Na yafe. Ni ma ina da na fari a Abeshe, na bar shi yana da shekara tara. Na san abin da ke hana mutum magana."

Thamer ya tsaya kamar an dasa shi. Kunya ta kama shi, irin ta wanda bai saba ba da haƙuri ba, sai ya nemi abin da zai yi da hannunsa. Ya matso ya tsuguna nesa kaɗan da ita, ya ce gobe zai fara bin maganar takardunta, duk inda ta kai, kuma in Allah ya yarda zai nema wa ɗan nata bizar Umra ya zo ta gan shi.

"Ba ni sunansa, Khala, in rubuta."

Matan suka kalli juna, wata ta yi dariya cikin kuka. Fatu ta sunkuyar da kai. Ta kalli Hajiya Hikima, Hajiya Hikima ta kawar da kai. Daga nan ta kwance bakin jakarta ta ciro tsohuwar wayarta, ta lalubo lambar ta miƙa masa tana kallon bango.

Thamer ya duba. A inda ake rubuta suna, kalma ɗaya ce kawai: Shi.